Jar Akuya da Injin Tatsa: Darasi Daga Ƙasar Mafara



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wata 'yar na'ura ce da 'yan kasuwa suke shigowa da ita daga ƙasashen waje, watau ƙaramin injin tatsar awaki, irin wanda ake turawa a kan taya kamar baro, wanda aka ƙera domin mai kiwo a gida. Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa nazarin Hausa da injin tatsa? Amsa ita ce, duk baƙon abin da zai shiga gidan Bahaushe sai ya bi ta zaure, sa'an nan ya tarar da al'adar da ta riga shi zama a gidan. In bai yi daidai da ita ba, ƙarshensa a jingine shi a bayan rumbu, kaji su riƙa kwana a kansa.

Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Akwai ma'aikacin da zai bar aiki, yana tunanin zuba kuɗin sallamarsa a kiwo. Akwai ɗalibin da gobe zai zama malamin gona ko jami'in ba da rance, wanda za a nemi shawararsa. Akwai kuma matar da akuyar take hannunta, wadda sau da yawa ba a tambayarta kome.

An zaɓi ƙasar Mafara, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, tana cikin mazaunin jar akuya na asali. Na biyu, a nan ne madatsar ruwa ta Bakalori take, kuma babu mutanen da suka fi na wannan yanki sanin abin da babban inji yake kawowa da abin da yake bari in ya tsaya. Abin da laccar za ta nuna shi ne, injin tatsa yana da gurbinsa, amma gurbin nan yana can ƙarshen layi, bayan an gama da abinci da lafiya da iri da kasuwa.

Akuya a Harshe da Al'adar Bahaushe

Harshe yakan tona abin da mutane suka damu da shi. Hausa tana da kalmomi da yawa na nono. Akwai madara, wadda aka tatso yanzu. Akwai kindirmo, wanda ya kwana ya yi kauri ba a cire masa mai ba. Akwai tsala, wanda aka kaɗe aka kwashe mansa. Akwai dakashi, watau na farko da dabba take fitarwa bayan haihuwa. To, amma duk wadda aka ambata cikin waɗannan ba tare da ƙarin bayani ba, hankalin Bahaushe saniya yake tafiya, da Bafillatana ɗauke da ƙwarya. Man da ake kaɗewa kuwa sunansa man shanu. In ana nufin na akuya, tilas ne a faɗa a fili, a ce nonon akuya.

Haka abin yake a karin magana da tatsuniya. Ana cewa akuya ta yi wayo da yankakken kunne. Ana ba da labarin yadda take zillewa kura. Ana maganar ɓarnarta a gona da warin bunsuru. Da wuya a ji an yabe ta da nono.

Wannan bai nuna an raina akuya ba. A ƙauyukan Mafara, kamar sauran ƙasar Hausa, yawancin awaki na mata ne, kuma su ne asusunsu. In yaro ya kwanta ciwo, akuya ake kaiwa kasuwar Talata. In rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, ita ake sayarwa a auno hatsi. Da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya mace. Wadda ba ta da tata takan karɓi kiwo, in akuyar ta haihu a raba 'ya'yan bisa yadda aka shirya. Saboda haka amfanin akuya a idon mai ita yana ga 'ya'yanta ne, nonon kuwa abincin 'ya'yan ne. Ana tatsa jefi-jefi, domin maraya ko tsoho ko marar lafiya.

Babu wani hani na addini ko na al'ada ga shan nonon akuya. A Azbin da Adar da Damargu, Buzaye da Fulani suna tatsar awakinsu kullum, har su yi cuku su kawo kasuwa. Abin da ya sa Bahaushen kudu bai kula ba dalilai ne na zahiri. Nonon saniya yana zuwa har ƙofar gida. Nonon akuya yakan yi ƙarni, musamman in bunsuru yana kusa da wurin tatsa. Ƙwayoyin mansa kuma ƙanana ne, ba sa tasowa sama da sauri, don haka kaɗe shi wahala ne.

To, zamani ya juya. Tun daga wajen shekarar 2011 satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka addabi Zamfara, rugage da yawa suka tashi, garkuna suka watse. Madarar gari da ake shigowa da ita daga waje kuma tsadarta tana bin canjin kuɗi. Ga shi ƙidayar aikin gona ta 2011 ta nuna Nijeriya tana da awaki fiye da miliyan 70, kusan ninki huɗu na shanunta. Wanda ya ce lokaci ya yi da za a waiwayi nonon akuya ya faɗi gaskiya. Abin dubawa shi ne ta ina za a fara.

Jar Akuya

Masana dabbobi na duniya suna kiranta jar akuyar Sakkwato, a Jamhuriyar Nijar kuma jar akuyar Maraɗi. Da fatarta ta yi suna. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, ayari su ɗauke ta su ratsa Sahara zuwa Afirka ta Arewa, daga can ta shiga Turai. Saboda hanyar da ta biyo, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yin bangon manyan littattafai da safar hannu da ita. Darajar wannan iri ce ta sa aka kafa cibiyar kiwonta a Maraɗi a 1963, domin a tsare jininta, a riƙa raba zaɓaɓɓun bunsuraye ga ƙauyuka.

Akuya ce mai yawan haihuwa. Cikinta wata biyar ne, tagwaye ba abin mamaki ba ne gare ta, kuma in ta ƙoshi tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Wajen nono kuwa, abin da aka saba gani shi ne rabin lita zuwa lita ɗaya a rana a makonnin farko, sa'an nan ya riƙa ja baya. In an kula da ita sosai tana iya ba da kimanin lita 150 cikin wata shida zuwa bakwai. A cikin wannan ne 'ya'yanta za su sha.

A kwatanta ta da akuyar Saanen, 'yar asalin ƙasar Suwizalan, wadda take ba da lita uku ko fiye a rana har tsawon wata tara ko goma, ga babbar hantsa, ga dogayen kawunan nono. Irin wannan akuya aka auna aka ƙera mata injin tatsa. Wannan bambanci shi ne tushen duk lissafin da zai biyo baya.

Yadda Injin Yake Aiki

Tun a ƙarni na 19 Turawa suke ta gwajin injin tatsa, kuma na farko-farko duk sun cutar da shanu, domin zuƙa suke yi ba ƙaƙƙautawa har jini ya taru a kan nono. Ba a fara samun sa'ida ba sai a 1895, sa'ad da wani likita a birnin Gilasgo, Alexander Shields, ya fito da injin da yake zuƙa yana sassautawa. Watau an koma an kwaikwayi ɗan dabba, wanda yake tsotsa, ya haɗiye, ya huta, ya sake tsotsa.

Ƙaramin injin da ake magana a kansa yana da sassa biyar. Akwai famfo mai zuƙe iska, wanda lantarki ko fetur yake juyawa. Akwai bokiti mai murfi wanda iska ba ta shiga, inda madarar take taruwa. Akwai tiyo. Akwai kofuna biyu, tun da akuya kan nono biyu gare ta, saɓanin saniya mai huɗu, kuma cikin kowane kofi akwai roba mai laushi wadda ita ce take taɓa jikin dabbar. Na biyar shi ne abin da ake iya kira mabugi, saboda yana bugawa kamar zuciya. Aikinsa shi ne ya sa robar nan ta buɗe madara ta zubo, sa'an nan ta matse kan nonon ta mai da jini baya. Ga akuya, ana so ya buga sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya, ƙarfin zuƙar kuma ya tsaya wajen kilofaskal 40, wanda ake gani a agogon da ke jikin injin.

Daga wannan bayani za a gane haɗari uku. Na farko, akwai 'yan na'urori masu araha da ake famfawa da hannu ko masu aiki da batir, waɗanda ba su da mabugi. Waɗannan sun koma kuskuren ƙarni na 19 ne, kuma yawan amfani da su yana lalata kan nono. Na biyu, robar da aka yi wa babbar akuya ba ta kama ƙaramin kan nonon jar akuya da kyau. Sai ta riƙa zamewa, iska ta kutsa, ta watso madara baya zuwa bakin nonon tare da ƙwayoyin cuta. Na uku, in aka bar kofi a jiki bayan madara ta ƙare, injin zai ci gaba da zuƙar nama. Duka ukun suna kai wa ga kumburin hantsa, ciwon da yake iya kashe ɓangare ɗaya na hantsar har abada. Akuyar da ta rasa rabin hantsarta kuwa ba ta iya rainon tagwaye, ashe garin neman gira an rasa ido ke nan.

Sai maganar wanki, wadda masu talla ba su cika ambata ba. Bayan kowace tatsa, nan take, tilas a ɗauraye tiyo da kofuna da bokiti da ruwa mai ɗumi, a wanke da ruwan zafi da sabulu na musamman, a sake ɗaurayewa, a rataye su bushe. Lokaci-lokaci kuma a bi da wani magani mai tsami domin ya narkar da dattin da yake daskarewa a ciki. Hannu ana ganin dattinsa, amma cikin tiyo ba a gani. Tiyon da ya kwana ba a wanke ba a zafin watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, ya isa ya ɓata duk madarar da za ta bi ta cikinsa. Ita ma robar tana tsufa ta tsattsage, kuma masu ƙera ta sukan ce a canja ta bayan tatsa kamar 2,500 ko wata shida.

Lissafin Gida Guda

A ɗauka, alal misali, wata mata a Bakura tana da awaki shida, uku suna shayarwa. Ta ware 'ya'yan da dare, ta tatsa da safe, ta bar musu nonon yini. In kowace ta ba da rabin lita, ta sami lita ɗaya da rabi ke nan. Da hannu, wadda ta iya ba za ta wuce minti goma sha biyar ba, kayan wankinta kuma ƙwarya ɗaya ce da matata.

Yanzu a ba ta inji. Tatsar kanta za ta yi sauri. Amma kafin nan sai an haɗa shi, an ta da janareta in babu wuta, bayan nan kuma wanki zai ci wajen rabin sa'a, da bokitin ruwa biyu ko uku, ɗaya na zafi, watau ga itace ya shigo lissafi. Wani abu daga cikin 'yar madarar zai maƙale a tiyo ya bi ruwan wanki. Motar irin wannan inji takan ja wat 550 zuwa 750, kuma kowa ya ga yadda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500 cikin 'yan kwanaki bayan janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023. Ana iya amfani da hasken rana, amma faranti da batir wani jari ne dabam. In kuwa da rance aka sayi injin, akuyar da ake tatsa ita za a sayar a biya.

Lokacin wankin inji ɗaya ne, ko akuya uku aka tatsa ko talatin. Don haka ribarsa ba ta fitowa sai awakin da ake tatsa a rana sun yi yawan da hannu zai gaji, kamar ashirin zuwa sama, kuma kowace tana ba da abin kirki. Gidajen da suke da irin wannan garke a ƙasar Mafara ba su da yawa.

Darasin Bakalori

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a je da su wata ƙasa kafin su gane wannan magana. An gina madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin mita mai kusurwa miliyan 450. Dubban mutane suka tashi daga gidajensu da gonakinsu, kuma rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a hannun 'yan sanda a watan Afrilu na 1980.

An tsara a shayar da kadada kamar 23,000. Wajen 8,000 ruwa zai bi magudanai ya gangara musu da kansa, sauran 15,000 kuwa da bututun yayyafi, waɗanda famfunan lantarki suke turawa ruwa. A lokacin, wannan na biyu shi ne abin nunawa baƙi. Amma famfo yana son wuta kullum, yana son kayan gyara daga Turai, yana son makaniken da ya san shi. Da waɗannan suka yanke, sai ya tsaya, kuma kafin shekarar 2003 ɓangaren yayyafin ya daina aiki. Ɓangaren magudanai, wanda manomi yake iya gyarawa da shebur da fartanya, shi ne ya ci gaba da ba da shinkafa. Har ma da aka zo gyaran aikin a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, cikin abin da aka tsara akwai mai da wani yanki na yayyafin zuwa magudanai.

Injin tatsa ƙarami ne ƙwarai in an kwatanta shi da Bakalori, amma tambayoyin da ya kamata a yi masa su ne waɗanda ba a yi wa bututun yayyafi ba. Ina wutar da za ta juya shi kowace safiya? In roba ta tsage, a wace rumfa za a sami wata, a Mafara ko Gusau ko sai Kano? In mabugi ya rikice, wa zai gyara? Akuyar da aka saba tatsa kuwa ba ta jiran a dawo daga Kano.

Abin da Ya Kamata Ya Riga Injin

Na farko shi ne abinci, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Akuyar ƙauye da damina a turke take don kada ta yi ɓarna, da rani kuma a sake ta ta yi kiwon kanta a juji. Wadda ake so ta ba da nono tana bukatar harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da kowa, da 'ya'yan gawo, da ɗan anguryar auduga, da kanwa ko gishirin lasa, da ruwa mai tsabta a gabanta koyaushe. A nan ƙasar Mafara ta fi maƙwabtanta sa'a, kuma wannan ita ce kyautar Bakalori ta gaskiya ga mai kiwo. Noman rani yana samar da ɗanyen ganyen dankali da na masara da dusar shinkafa a watannin da ciyawa ta ƙare a wasu wurare. Kuɗin injin guda, in aka zuba shi a harawa lokacin kaka aka adana a kan rumfa, zai ƙara madarar da injin ba zai taɓa ƙarawa ba, tun da inji ba ya yin nono, ɗiba kawai yake yi.

Na biyu shi ne lafiya. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, tana iya share garke cikin mako biyu, alhali kuwa akwai allurar rigakafinta, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta. Sai bakkale, cutar da take sa dabba ɓari, take kuma kama mutum ta hanyar ɗanyen nono. A tsibirin Malta aka gano wannan. David Bruce ya gano ƙwayar cutar a 1887, sa'an nan a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya nuna daga nonon awaki sojojin Ingila suke kamuwa. Maganin abin shi ne dafawa, ko dai a tafasa, ko a riƙe madarar a zafin digiri 63 har minti talatin. Har wa yau, ya kamata malaman asibiti su riƙa faɗa wa iyaye cewa nonon akuya shi kaɗai bai ishi jaririn da bai shekara ba, domin yana da ƙarancin wani sinadari mai gina jini.

Na uku shi ne iri. Akwai masu ganin a shigo da bunsurayen Turai a yi barbara. An yi haka a Kenya, inda ƙungiyar FARM-Africa ta fara shirin awakin madara a yankin Meru a 1996, kuma ya amfani ƙananan manoma. Amma Meru tudu ne mai sanyi a gindin dutse, ba kamar Mafara ba. Bugu da ƙari, barbarar da ba a tsara ba tana iya ɓata fatar da ta ɗaukaka jar akuya shekaru aru-aru. Hanyar da ta fi aminci ita ce zaɓe daga cikin gida. A auna nonon kowace akuya da gwangwani guda, a rubuta, a ajiye 'ya'yan waɗanda suka fi, a daina sayar da bunsuru mafi kyau da salla ana barin ragowa su yi barbara. Wannan aiki ne da cibiyar binciken kiwo ta Shika, kusa da Zariya, da kwalejin aikin gona ta Bakura za su iya jagoranta.

Na huɗu shi ne kasuwa. Madara tana son a sanyaya ta zuwa digiri 4 cikin sa'a biyu, in kuwa babu firji, sai a dafa a yi kindirmo ko cuku. Kafin a ƙara yawanta, a san wa zai saya, ko masu fura ne, ko masu shayi, ko makarantun kwana. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa samar da madara, da wannan ta fara. Ƙungiyar manoma ta garin Anand, wadda aka kafa a 1946, da babban shirin madara na 1970 da Verghese Kurien ya jagoranta, an gina su ne a kan rumfar ƙauye inda mace take kawo lita ɗaya ko biyu da ta tatsa da hannu, a auna, a biya ta. A tara madara wuri guda ya fi a tara awaki, domin in awakin gidaje goma suka bi kofi ɗaya, ciwon hantsar guda zai zagaye duka.

Gurbin Injin

Bayan an cika waɗannan, injin yana da amfani a wurare uku. Akwai gonar da take da babban garke na mutum ɗaya ko na ƙungiya, a ƙarƙashin kulawa guda. Akwai gonar makaranta, inda ɗalibai za su koyi haɗa shi da wanke shi da gyaransa. Akwai kuma mai kiwon da ciwon gaɓoɓi ya hana hannunsa aiki. Ko a nan, kada a saya sai mai mabugi da agogon awo, da robar da ta yi daidai da jar akuya, da wata a ajiye.

Akwai abu biyu da jami'in gwamnati ya kamata ya riƙe. Na ɗaya ya shafi mata. An ga yadda injin niƙa da na casar shinkafa suka sauƙaƙa aiki, amma suka ɗauke sana'ar daka da surfe daga hannun mata suka mai da kuɗin hannun masu inji. In aka rubuta rancen injin tatsa da sunan maigida alhali awakin na matarsa ne, kuɗin madarar zai bi sunan da ke takarda, asusun nan da aka ambata a baya kuma ya fita daga hannun mai shi. Duk shirin da za a yi, a yi shi da sunan mai akuya.

Na biyu ya shafi harshe. Takardar bayanin da take zuwa da injin da Turanci take, ko da harshen ƙasar da ta ƙera shi. Wadda za ta yi aiki da shi kuwa Hausa take ji, wataƙila da ajami take karatu. Aikin sassan Hausa na jami'o'i ne su zauna da likitocin dabbobi su daidaita sunayen sassan injin, kamar yadda aka gwada a wannan lacca da mabugi da kofi da robar ciki, su rubuta ƙa'idojin wanki a boko da ajami, gidajen rediyo kuma su yaɗa. Abin da mutum bai san sunansa ba, ba ya iya aikawa kasuwa a sayo masa in ya lalace.

Kammalawa

Wannan lacca ta nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana kiwon akuya domin 'ya'yanta da fatarta, kuma halin da Zamfara ta shiga ya sa nononta ya zama abin dubawa. Ta nuna cewa jar akuya tana ba da madara kaɗan, injin kuwa an yi shi ne domin mai ba da da yawa, kuma in aka yi sakaci da shi yana lalata hantsa, yana ɓata madara. Ta kuma tunatar da abin da ya sami bututun yayyafi na Bakalori.

Saboda haka, ma'aikacin da yake shirin kiwo ya fara da harawa da rigakafi da littafin awo, ya tatsa da hannu shekara guda, ya ga abin da awakinsa suke bayarwa da wanda yake saye. In garken ya kai yawan da hannu ya kasa, lokacin sayen inji ya yi, kuma kuɗin madarar ne zai saya. Ɗalibin da za a tura ƙauye kuwa, kafin ya cika takardar rance, ya shiga gidan ya ƙirga awakin da suke shayarwa, ya tambayi mai su lita nawa take samu.

Allah ya albarkaci noma da kiwo, ya kawo zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.